Kurakuran da ke sa rumbun bayanai jan ƙafa, da gyaransu

Ran nan ƙanena, da ke haɗa wa wata makaranta a Tudun Wada manhajar biyan kuɗi, ya kira ni a rikice: "Yaya, na sa fihirisa a kan lambar waya, amma neman ɗalibi ɗaya sai ka gaji da jira." Kafin ya rufe baki na gane inda gizo ke saƙar.

Fihirisa (index) jeri ne da rumbun bayanai ke ajiyewa don saurin gano abu. Lambar waya a matsayin rubutu ake ajiye ta, don kada sifirin farko ya ɓace. Shi kuwa ya nemo ta ba tare da alamar zance ba. Da MySQL, manhajar rumbun bayanan da yake amfani da ita, ta ga lamba tsirara, sai ta bi teburin layi-layi tana mai da kowane rubutu lamba, fihirisar na zaune ba aiki. Alamar zance biyu kawai ya ƙara, magana ta ƙare.

Wannan ne ciwon da na fi gani wajen yaran Samaru masu koyon SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi: fihirisa na nan, amma yadda suka yi tambayar ya ɗaure mata hannu. Yawancin fihirisa a MySQL da takwararta PostgreSQL irin B-tree ce, wadda Bayer da McCreight suka wallafa a 1972, kuma a jere take adana abubuwa, kamar fihirisar bayan littafin da malam ke duba babi a zaure. Ka ce LIKE 'Abdul%', wato sunan da ya fara da Abdul, nan take ta buɗe wurin. Ka ce LIKE '%llahi', wato wanda ya ƙare da llahi, ina za ta fara? Dole a karance duka. Haka in ka naɗe gurbin (column) kwanan wata cikin YEAR, umarnin ciro shekara, don ware biyan 2024. Gara ka ce daga 1 ga Janairun 2024 zuwa ƙasa da 1 ga Janairun 2025.

Fihirisa mai gurbi biyu ma tana da ladabinta. In ka jera aji sannan suna, za ta yi maka aiki in ka nemi aji, ko aji da suna. Suna kaɗai kuwa, galibi ba ruwanta.

Akwai kuma masu ganin yawa shi ne albarka, su liƙa wa kowane gurbi fihirisa, har da jinsi, wanda amsarsa biyu ce tak. Duk INSERT, wato ƙara sabon layi, sai an gyara kowace fihirisa, ranar rajista manhaja ta riƙa nishi. Wadda ake bukata kuma a manta da ita: PostgreSQL ba ta yi wa gurbin da ke nuni zuwa wani tebur fihirisa da kanta, alhali InnoDB, injin ajiya na MySQL, na yi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ɗauko jerin ɗalibai, sannan a koma rumbu sau ɗaya kan kowane ɗalibi don ganin biyansa. JOIN ɗaya, mai haɗa teburan biyu a tambaya guda, ya isa.

Na ce wa ƙanen nawa ya daina canki-canka, ya riƙa sa EXPLAIN a gaban tambaya don ganin yadda rumbun zai nemo amsa. A MySQL in ya ga ALL a gurbin type, ko Seq Scan a PostgreSQL kan babban tebur, to ana karance komai ne. Ya kuma gwada da bayanai masu yawa, don tebur mai layi 50 a kwamfutarsa ba ya tona asirin kowa.