Kurakuran wuta da ke kashe kwamfuresar AC

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kwamfuresoshi, wato injinan da ke matsa gas a cikin AC, kan ƙone da yawa, kuma sau tari ba gas ba ne matsalar, wuta ce. A duba rubutun da ke jikin injin waje, za a ga 220–240V, 50Hz. Yawancin kamfanoni sun yarda wuta ta sauka ko ta hau da kashi 10 cikin ɗari kawai, wato daga bolt 198 zuwa 264.

Kuskure mafi girma shi ne auna wuta AC tana kashe. Mai gyara ya zo da hantsi, ya sa mitar awon wuta a soket, ya ga 215, ya ce lafiya lau. Wannan awon bai nuna komai ba. A auna a bakin wayoyin da ke shiga injin waje, kwamfuresa tana aiki, kuma da dare, lokacin da duk unguwa ta rataya a kan taransifoma ɗaya. Idan allura ta faɗi ƙasa da 198, a kashe.

Dalili kuwa, ƙarfin da motar da ke juya kwamfuresa ke tashi da shi yana zubewa fiye da yadda wutar ke raguwa. A bolt 180, kusan kashi biyu cikin uku ne kawai ya rage mata. Sai ka ji tana gurnani, fitilun gida su dushe, can ka ji ƙas, obalod, wato makashin da ke kare ta idan ta ja wuta fiye da kima, ya yanke. A waɗannan 'yan daƙiƙu tana jan wuta ninki huɗu zuwa shida na abin da ta saba, koyil yana dahuwa. Wasu kan cire obalod ɗin su haɗa waya kai tsaye don "ta daina yankewa". Don Allah kada a yi haka, shi ne mai gadinta na ƙarshe.

Sai siririyar waya. Wuta na iya zuwa da ƙarfinta a mitar gida, ta zube a hanya. AC mai doki ɗaya da rabi tana son layinta daban, wayar tagulla mai sukwaya milimita 2.5 (2.5mm²). Mai doki biyu, ko idan akwai nisa, a sa mai 4. A taɓa soket bayan rabin awa: in ya yi ɗumi ko ya fara baƙi, akwai sako-sako a haɗin waya.

Sitabilaiza ma ana yawan saye ƙarama. Lambar ƙarfi (VA) da aka rubuta mata ba ta cika idan wutar da ke shigowa ta yi ƙasa sosai, don haka doki ɗaya da rabi a ba ta mai 5000VA.

Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, ko an juya zuwa janareta, a jira minti uku kafin a kunna, matsin gas ɗin ya daidaita a ɓangarorin kwamfuresa biyu, na shiga da na fita. Na'urar kariya mai jinkiri tana yin wannan da kanta, tana kuma yankewa idan wuta ta haura 264, kamar yadda kan faru in wayar nutural ta tsinke.

A masallatai da ofisoshi masu layi uku, a auna bolt tsakanin kowane layi da ɗan'uwansa. Kada wani awo ya kauce wa matsakaicin ukun da fiye da kashi 2 cikin ɗari.