Yadda Ake Gano Manhajar Da Ke Aika Rufaffun Bayanai Daga Kwamfuta Ko Waya

Duk wanda ya taɓa buɗe Wireshark, manhajar da ke kama bayanan da ke shiga da fita daga na'ura, don ya ga abin da kwamfutarsa ke yi a intanet ya san takaicin nan. Layuka sai zubowa suke yi ba ƙaƙƙautawa, amma kusan kowanne TLS ne ko QUIC, wato tsare-tsaren da ke kulle bayanai a hanya, duk ta ƙofa (port) mai lamba 443, abin da ke ciki kuwa tarkacen haruffa ne da ba mai iya karantawa. Kulle bayanai alheri ne, shi ke hana wani karanta kalmar sirrinka a hanya. Sai dai ya bar mai na'ura da tambayar da ke da hakkin sanin amsarta: a cikin manhajojin nan, wacce ce ke magana, kuma da wa?

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, kullewar tana ɓoye abin da ke cikin wasiƙa ne kawai. Adireshin da ke bayan ambulan, da nauyinsa, da lokacin da aka aika shi, duk suna fili. Kuma ita kanta na'urar ta san wace manhaja ce ta buɗe kowace hanya, don ita ta ba ta izini. Saboda haka aikin daga cikin na'ura ake fara shi. A kan na'urarka za ka yi shi, ko a kan layin da aka damƙa maka kulawarsa. Leƙen na wani ba da izini ba cin amana ne, kuma dokokin ƙasashe da yawa sun hana.

Mataki na farko: rage hayaniya

Rufe burauza da duk manhajar da ka san kai ka buɗe ta, ka dakata minti biyu ko uku. Shafi ɗaya na labarai yana iya buɗe hanyoyi da dama a lokaci guda, su cika maka ido. Abin da ya ci gaba da motsi bayan ka rufe komai, shi ne abin bincike.

Mataki na biyu: tambayi kwamfutar kanta

A Windows, buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta `netstat -ano`. Kowane layi zai ba ka adireshinka da lambar ƙofar da ka fita, da adireshin da aka nufa, da halin da hanyar ke ciki, sannan a ƙarshe wata lamba da ake kira PID. Wannan lamba ita ce shaidar shirin da ya buɗe hanyar. Nemi layukan da aka rubuta ESTABLISHED kuma adireshin da aka nufa ya ƙare da 443, ka ɗauki lambar PID ɗin, ka je Task Manager, sashen Details, ka dubo sunan da ke gefenta. In ka rubuta `netstat -b` zai kawo maka sunan kai tsaye, sai dai yana ɗan jan lokaci.

Sau da yawa sunan da zai fito shi ne svchost.exe, kuma a nan mutane da dama ke sarewa. Ba manhaja ɗaya ba ce, rumfa ce da ayyukan Windows iri-iri ke fakewa a ƙarƙashinta. Rubuta `tasklist /svc` za ka ga ayyukan da ke cikin kowace lamba, ka gane ko sabunta Windows ne ko wani abu daban.

Matsalar netstat ita ce hoto ɗaya yake ɗauka. Manhajar da ke buɗe hanya ta aika saƙo ta rufe cikin daƙiƙa biyu za ta wuce ba ka gani ba. Shi ya sa na fi son TCPView, ƙaramar manhaja ce ta kyauta daga cikin kayan Sysinternals na Microsoft. Tana sabunta jerin a gaban idonka: sabuwar hanya ta fito da kore, wadda ake rufewa ta koma ja kafin ta ɓace. Ka zauna ka zuba mata ido na minti goma, za ka san kwamfutarka fiye da yadda ka santa a shekara guda. In kuma yawan datar da ake ci ne damuwarka, rubuta `resmon`, ka shiga sashen Network, can za ka ga abin da kowane shiri ke aikawa da karɓa a duk daƙiƙa. Wanda ke son a riƙa ajiye masa tarihi ko ba ya wurin, Sysmon, shi ma daga kayan Sysinternals, na iya rubuta kowace hanya da aka buɗe tare da sunan shirin, in an kunna masa hakan.

A Linux, `sudo ss -tupn` shi ne takwaran netstat, nethogs kuma ya jera maka shirye-shirye bisa yawan abin da suke ci. A Mac akwai `nettop` da `lsof -i`, sannan Little Snitch ko LuLu suna tsayar da manhaja su tambaye ka kafin ta fita.

Mataki na uku: haɗa abin da ka kama da sunan manhaja

Wireshark ba ya faɗin manhajar da ta aika fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanai, domin daga bakin layi yake kallo. Dabarar tana ga lambar ƙofar fita. Duk hanyar da aka buɗe, kwamfuta na ba ta wata babbar lamba ta wucin gadi, a ce 52814. Ka ga wannan lambar a Wireshark, ka neme ta a TCPView ko netstat a daidai lokacin, sunan da ke gefenta shi ne mai maganar. Sai ka buɗe su biyun gefe da gefe, don lambar ba ta daɗewa.

Wannan dabarar ta fi amfani a kan QUIC, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2021. Shi a kan wani tsarin aika bayanai mai suna UDP yake tafiya, kuma sau da yawa netstat na Windows ba ya nuna inda saƙon UDP ya nufa, taurari kawai za ka gani a gurbin adireshin. Lambar ƙofar fita da PID kuwa suna nan.

Mataki na huɗu: gano da wa ake magana

Adireshin IP kaɗai ba ya isar da kai. Dubban shafuka suna zaune a bayan adireshi ɗaya na kamfanoni irin su Cloudflare ko Akamai, saboda haka ganin sunan ɗayansu bai gaya maka komai ba. Abin da kake nema yana cikin gaisuwar farko. Kafin a kulle hanya, manhaja tana aika saƙon buɗe magana mai suna Client Hello, kuma a cikinsa tana faɗin sunan sabar da take nema, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, a fili. SNI ake ce wa wannan gurbin. A Wireshark rubuta `tls.handshake.type == 1` a wurin tacewa, danna layi ɗaya, ka bi rassan har ka iso server_name. In ka danna shi da maɓallin dama ka zaɓi Apply as Column, sunayen za su jeru a gabanka gaba ɗaya. Ka fara kamawa kafin ka buɗe manhajar da kake zargi, domin gaisuwar sau ɗaya ake yin ta a farkon hanya. Wanda ya makara sai ya sake.

A TLS 1.2 takardar shaidar sabar ma a fili take wucewa. TLS 1.3 da ya fito a 2018 ya rufe ta, sai SNI ya rage. Shi ma an fara rufe shi da wani tsari mai suna ECH, wanda Firefox da Chrome suka fara goyon baya a 2023, amma sai sabar ita ma ta yarda kafin ya yi aiki. Tambayoyin DNS, wato neman adireshin wani suna, ta ƙofa ta 53 su ma suna tona suna, sai fa in an kunna rufaffen DNS, ko ta HTTPS ko ta ƙofa ta 853. Kullum abin da ake gani daga bakin layi raguwa yake yi, abin da na'urar ta sani kuwa bai ragu ba.

Mataki na biyar: waya

A Android, PCAPdroid ta sauƙaƙa aikin ƙwarai. Tana kafa VPN na cikin gida wanda ba ya kai bayananka wata saba, sai ta nuna maka kowace manhaja da sunayen da ta tuntuɓa da yawan datar da ta ci. Ba sai ka fasa tsaron wayar ba. Android VPN ɗaya yake yarda da shi a lokaci guda, don haka kashe naka kafin ka fara. A iPhone, tun iOS 15.2 akwai App Privacy Report a cikin saitin sirri. Ka kunna shi, ya riƙa tara maka sunayen da kowace manhaja ta tuntuɓa cikin kwana 7 da suka wuce.

In na'urar ba ta shiguwa

Talabijin mai intanet ko kyamarar tsaro ba su da wurin rubuta umarni. A nan dole ka kama daga na'urar rarraba intanet, ka dogara da SNI da DNS da kuma salon gaisuwa. A cikin gaisuwar, kowace manhaja tana jera hanyoyin kullewa da sauran abubuwan da ta iya a tsari nata, kuma daga wannan jeri ake fitar da wani abu kamar zanen yatsa. JA3 da ma'aikatan Salesforce suka fitar a 2017 shi ne ya fi shahara. Da Chrome ya fara cuɗa wani ɓangare na jerinsa a 2023 sai JA3 ya yi rauni a kansa, JA4 ya fito a shekarar don ya cike giɓin. Ka ɗauki zanen a matsayin alama kawai: manhajoji biyu da aka gina da kayan aiki ɗaya suna iya fitowa da zane iri ɗaya. Girma da lokaci ma suna magana. Bidiyo yana saukowa guntu-guntu da ɗan hutu a tsakani, kiran murya ƙananan fakiti ne a jere ta kowane ɓangare, ajiye fayiloli a intanet kuwa doguwar aikawa ce mai nauyi zuwa waje.

Mataki na ƙarshe: tabbatarwa

Kada ka yanke hukunci sai ka gwada. Na taɓa kwana uku ina zargin burauza da cinye mini data, har na cire ƙarin manhajojinta ɗaya bayan ɗaya. Da na buɗe resmon sai ga wani ɗan shirin ajiye hotuna da na girka na manta da shi, yana ta tura tsoffin fayiloli waje tun daga kunna kwamfuta. Na kashe shi a Task Manager ina kallon Wireshark, layukan suka tsaya cik. Na sake kunna shi, suka dawo da sunan sabar nan dai a gaisuwarsu. Ka yi irin wannan gwajin sau biyu ga duk wadda kake zargi. In ta tabbata, ka duba inda fayil ɗinta yake zaune ta hanyar Open file location, ka duba sa hannun kamfanin da ke kansa a Properties, sannan ka zaɓa: ko ka cire ta, ko ka toshe mata fita a bangon tsaron kwamfutar.