Yadda na sa inshora ta biya kuɗin gadar haƙori mai zinariya

A asibitin haƙorin da nake aiki a Amurka, mun kafa wa wata dattijuwa gada, wato jerin haƙoran roba da ke cike giɓi, kan dasassun haƙora biyu. Sai kamfanin inshora ya biya mu kuɗin ƙarfe mai araha, ragowar ta hau wuyanta, ita da ke lallaɓa fansho.

Lambobin aikin da muka tura wa inshora daidai suke: D6076 ga haƙoran gefe, D6240 ga na tsakiya. Hujjar cewa gadar mai zinariya ce babu. Na nemi maƙeran gadar su turo takardar haɗin ƙarfen. Ƙa'idar waɗannan lambobin ita ce ƙarfe mai daraja, irin su zinariya, ya kai kashi 60 cikin 100, zinariya aƙalla 40, kuma namu ya cika. Na haɗa takardar da hoton haƙoran, na sake turawa, suka biya cikon.