Yadda na gyara bayanan masu biyan kuɗin mujalla bayan ƙaura

Da muka kwashe bayanan masu biyan kuɗin mujallarmu zuwa sabuwar manhaja, sai ƙorafi ya yi ta shigowa. Wanda kuɗinsa zai ƙare ranar 3 ga Disamba, an ce masa ya ƙare tun 12 ga Maris. Ashe manhajar tsarin Amurka take bi, wata kafin rana. Na mayar da kowane kwanan wata shekara-wata-rana, kamar 2025-12-03, wanda ba ya rikita kowa.

Sunaye masu ƙ, ɗ da ɓ kuwa, Ɗanladi ya koma ?anladi, abin dariya abin haushi. Na sake fitar da fayil ɗin CSV, wato fayil ɗin da ke ɗauke da jerin bayanan, da UTF-8, tsarin adana rubutu da ke gane irin waɗannan haruffa. Lambobin waya ma sifilin farko ya zube, sai na ajiye su a matsayin rubutu maimakon adadi, na sake loda komai.