Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Renon Na'a-na'a a Kwalba na Tsawon Shekaru

Na'a-na'ar peppermint, wadda ake tatsar mai mai mentol daga ganyenta, haɗin jinsi biyu ce, ba ta cika ba da iri mai tsirowa ba. Shi ya sa ake yaɗa ta da reshe, kuma ɗakunan bincike ke ajiye ta cikin kwalabe a kan abincin MS, haɗin sinadaran ciyar da tsiro wanda masana Murashige da Skoog suka tsara a 1962. Renon wata uku ba ya ba da wahala. Matsala tana fitowa ne bayan an shekara biyu ana sauya kwalba, lokacin da tsiron yake kore shar amma mansa ya daina zama irin na uwarsa.

Babban kuskure shi ne bin hanyar kalus, wato ƙullutun nama marar siffa da ke fitowa idan an sa wa ganye sinadarin 2,4-D. Yana ba da tsiro da yawa cikin sauri, abin da ke ruɗin mutane ke nan. Sai dai ƙwayoyin halittar da suka daɗe a wannan hali sukan sauya, tsiron da ya fito daga cikinsu yana iya zuwa da mai mai ƙarancin mentol. Shi kansa kalus ba ya tara man kirki, domin man yana taruwa ne a ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi a bayan ganye. Gyara shi ne a riƙa yanko gaɓa ɗaya mai ido, tsawon santimita 1 zuwa 1.5, a bar idon ya tsiro da kansa. Duk kwalbar da kalus ya taso a gindinta, a cire ta daga jerin ajiya.

Sai yawan BAP, sinadarin da ke sa tsiro fitar da rassa. Ana ƙara shi don reshe ya yawaita, amma tasirinsa yana taruwa daga sauyi zuwa sauyi. Alamarsa ganye mai ƙyalli kamar gilashi, jiƙaƙƙe, mai saurin karyewa, wanda ba ya rayuwa idan an fitar da shi waje. Kada a wuce miligram 0.5 a lita, kuma na'a-na'a tana girma ko babu shi. Idan matsalar ta riga ta bayyana, a ɗaga agar, wato garin da ke daskarar da abincin, daga gram 7 zuwa 9 a lita, a koma murfi mai shigar da iska. Sukari ya tsaya a gram 30 a lita, ma'aunin tsami (pH) a 5.8 kafin a dafa abincin a digiri 121 na Celsius na minti 15 zuwa 20.

Akwai kuma ƙwayoyin cuta da ke ɓoye cikin jijiyar tsiron, waɗanda wankin bilic ba ya kaiwa gare su. Sukan yi watanni shiru, sannan farin hazo ya bayyana a gindin reshe. A riƙa goga yankakken gindi a kan abincin gwajin ƙwayoyin cuta kafin a ninka kowane layi, wato tsirran da suka fito daga reshe ɗaya. Tsoma wuƙa a sifirit kaɗai bai isa ba, domin ƙwayayen bakteriyar Bacillus suna rayuwa a cikinsa. Sai an haɗa da wuta.

Yawan sauya kwalba shi ma kuskure ne. Sauyi duk sati huɗu yana nufin sau 13 a shekara, kowanne ƙofa ce ga gurɓata da rikicewar lakabi. Layin ajiya a kai shi sanyin digiri 4, kamar yadda rumbun tsirrai na Corvallis a Amurka yake yi, inda na'a-na'a ke daɗewa ba a taɓa ta ba. Amma kada a gwada wannan sanyi a kan ɗaɗɗoya ko jema, tsirran ƙasar zafi ne, zai kashe su.

A ƙarshe, kallon kwalba ba ya nuna ingancin mai. Duk shekara a fitar da tsirrai kaɗan, a saba musu da iskar waje a hankali cikin sati biyu zuwa uku, a shuka su kusa da uwar asali a ƙasa ɗaya. A yanke su rana ɗaya a farkon fure, a tatsi man, a auna sinadaran mentol da mentofuran da na'urar GC mai rarrabe abubuwan da ke cikin mai. Layin da ya kauce wa uwarsa a zubar da shi, a sake farawa daga sabon reshe.