Guzurin mai tafiya a ƙaramin jirgin sama daga Damagaram

Ƴan uwa, wanda zai shiga ƙaramin jirgi zuwa Yamai ko Agadas ya sayi guzurinsa tun jajibere a kasuwar Dole ko a shagunan Zango, domin irin waɗannan jirage sun fi tashi da sassafe, kafin zafin rana ya sa iska ta fara jijjiga su. Ku zaɓi busasshen abinci: kilishi marar yaji sosai, dabino, cuku da gyaɗa. Don Allah ku guji wake da lemo mai gas, saboda idan jirgi ya yi sama iskar da ke cikin ciki takan kumbura, ta takura mutum. Ruwa kuwa a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, tunda yawancin ƙananan jirage ba su da makewayi.