Yadda nake jiƙa karkade saboda hawan jini, da abin da na fitar daga tukunyata

Shayi da jabana, wato gahawa, nake sayarwa a bakin kasuwa nan Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma shekara shida ke nan da aka ce ina da hawan jini. Ranar da aka fara auna ni 168 bisa 100 na'ura ta nuna, alhali ni ban ji komai ba sai ɗan nauyin ƙeya da na ɗora wa hayaƙin gawayi. Tun daga nan duk wanda ya zauna a kan kujerata ya ji labari sai ya rubuta mini nasa magani da baki. Na gwada da yawa, wasu na zubar, ga waɗanda suka tsaya.

Na farko shi ne karkade, wato zoɓon da kakanninmu suka sani tun kafin su baro ƙasar Hausa. A nan ba ya wuya, domin Kurdufan da Darfur suna noma shi sosai, kasuwar Ubayyid kuma ta yi suna da shi. In za ki saya, ki duba wanda ya bushe ƙayau, ja mai duhu, ba ya warin danshi. Ki ɗebi cikin cokalin cin abinci biyu zuwa uku, ki ɗauraye shi sau ɗaya da sauri saboda ƙura da yashi, ki zuba a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ni a tulun gilashi nake jiƙawa da dare, in tace da asuba. Kada ki bar shi ya kwana a tukunyar alminiyam, tsaminsa yana cin ƙarfen. In sauri kike, ki tafasa ruwa ki sauke, ki zuba shi ki rufe minti goma. Kofi biyu zuwa uku a yini ya isa, a rarrabe, kuma ki kurkure baki bayan kin sha domin tsami yana lalata haƙori.

Akwai maganar da kowa ke yi a Sudan, wai na sanyi ne ke sauke jini, mai zafi kuwa ɗaga shi yake yi. Na tambayi likitar da ke duba ni, ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ganyen ɗaya ne, ki sha yadda ya yi miki daɗi. Abin da ke ɓata shi sukari ne." Nan ta taɓo inda yake mini ciwo. Mu nan kofin shayi ƙarami sai a zuba masa cokali uku, karkaden buɗa-baki kuwa kamar zuma. Wanda ake sha don jini ba a sa masa sukari ko kaɗan. Makon farko fuska za ta yamutse, daga baya harshe ya saba. Ni ina jefa ɗan citta da kanumfari biyu don ƙamshi.

Kada kuma a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. A Jami'ar Tufts ta Amurka an ba mutane karkade kofi uku kullum har mako shida, sakamakon da aka fitar a 2010 ya nuna lambar sama ta ragu da kamar maki bakwai. Bakwai ba abin rainawa ba ne, amma wadda jininta ke 170, in an cire bakwai ina ta sauka? Har yanzu tana sama da 140 bisa 90, inda daga nan ake ƙirga hawan jini. Shi ya sa ƙwayata ta amlodipin ba na tsallake ta. Da yaƙi ya ɓarke a 2023 magani ya yi wuya, na yi kusan wata ba ni da ita, karkade kawai nake sha, jinin ya koma inda ya fito. Da idona na gani a na'ura. Mai ciki ta bar karkade gaba ɗaya, wanda kuma yake shan maganin sa fitsari ko na ciwon sukari, ko yake da ciwon ƙoda, ya fara sanar da likitansa.

Tafarnuwa ita ce ta biyu. Ƙwaya ɗaya ko biyu a yini, a daka a bar ta minti goma ta sha iska kafin a sa a abinci, saboda sai an farfasa ta ƙarfinta ke fitowa. Ni a kan salatar dakwa, wato salak mai niƙaƙƙiyar gyaɗa, nake zubawa, ko in sa a miya ana gab da saukewa. Masu haɗiyar ƙwaya biyar da safe ciki babu komai, ƙwannafi kawai suke saye. Tana kuma tsinka jini, don haka mai shan asfirin ko warfarin, ko wanda za a yi wa tiyata, ya yi hattara.

Kirfa, hulba, habbatus sauda da habbahan duk ina amfani da su, amma ba zan ce miki su ne suka sauke mini jini ba. Aikin da suka yi mini shi ne sun ba abinci ɗanɗano lokacin da na rage gishiri, kuma a nan ne babban aikin yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. To ki ƙirga namu. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, mu kuwa sai mu marmasa uku a tukunya ɗaya mu ƙara barbaɗa gishiri a kai. Kanwa, wadda maƙwabtanmu ke kira aɗrun, ita ma 'yar gidan gishiri ce, ga ta a miyar kuka da ta kuɓewa da wake. Ga fasik, kifin da ake jiƙawa da gishiri, ga mish, nono mai tsami da gishiri, ga yajin agashe, tsiren da 'yan uwanmu ke gasawa da yamma, wanda in kin ci sai kin kwana kina neman randa. Abin da na yi shi ne, kowace safiya nakan auna cokalin shayi ɗaya na kowane babba a gidan in zuba a ƙaramin faranti, in ya ƙare ya ƙare. Dunƙule ɗaya tak, wani lokaci babu. Gurbinsa na cike da daddawa, albasa soyayya, masoro, kimba, kuzbara da lemun tsami a ƙarshe. Ruwan tsamiya kaɗan a miya yana rufe rashin gishiri fiye da yadda kike zato. Maigida ya yi ƙorafi kwana goma, yanzu in ya ci a waje shi ke dawowa yana cewa an cika gishiri.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, musamman da azumi: irk-sus, baƙin ruwan saiwar nan mai zaƙi da kumfa. Na gargajiya ne, amma ɗaga jini yake yi, domin yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Mai hawan jini kada ya kusance shi. Jabanar da nake sayarwa ma, fanjali biyu na tsayar wa kaina.

Duk wannan ba za ki san ko yana aiki ba sai da awo. Mu gida huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi na'urar da ake ɗaurawa a damtse. Ki zauna minti biyar shiru, bayanki a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba ki sha jabana ko shayi ba cikin rabin awa. Ki auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, ki rubuta. In kika ga 180 bisa 120, ko ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, a ajiye tulun karkade a nufi asibiti a lokacin.

Ɗiyata ce ke rubuta nawa a bayan littafin bashin masu shan shayi. Jiya da safe ta duba ta ce, "Inna, 134 bisa 84," sannan ta tuna mini direban nan har yanzu bai biya kuɗin jabanarsa ta Asabar ba.